Yaya Mai Kalmasa da Koren Labule

A shagon ɗinkin labule na bayan tashar mota, idan ka shiga ta ƙofar gaba, da Baba Mai Shago za ka fara cin karo a kan kujerarsa, sai teburin yanka, sai bandir-bandir na yadi jingine da bango. Ka wuce su duka, ka ɗaga wani tsohon ƙyalle, ka faɗa ɗakin baya. Nan kekunan ɗinki suke, nan zafi yake, nan kuma Yaya Mai Kalmasa ta ƙarar da ƙuruciyarta. Ɗakin ba shi da taga ko ɗaya. Ka ji fa, wurin da ake ɗinka wa tagogin gari sutura, ƙwan lantarki ne ke haska shi tun safe har a tashi.

Tana budurwa ta zo shagon. Shan-inna ya taɓa ta tun tana rarrafe, ya bar mata ƙafar hagu siririya, ba ta kai ta dama tsawo ba, saboda haka tana ɗingishi. Iyakar abin ke nan. Ba ta riƙe sanda, ba a kama mata hannu, tana zuwa kasuwa ta ciko jaka ta dawo, ta yi kokawar shiga motar haya kamar kowa. Ranar da mahaifiyarta, Inna, ta kawo ta neman aiki, Baba ya juya ɗinkin gwajin da ta zo da shi, ya ga kalmasar bakin ta miƙe santal, sannan idonsa ya sauka kan ƙafar. Ya ce, "'Yata, kin samu gida. A nan ba wanda zai wahalar da ke." Ya kuwa cika alkawari, har ya yi masa ƙari.

Aikin shagon kashi biyu ne. Akwai masu fita, su je gidan mutum su auna taga, in an gama ɗinki su koma su kafa ƙarfe su rataya. Akwai masu zama, su yanka, su tattara, su sa shafi, su kalmashe. Ba a taɓa cewa wannan na maza ne wancan na mata ba, don mata da yawa sun shiga motar shagon, sun riƙe tef na awo, sun zaɓa wa matan gida kala. Kullum da safe in an loda mota, Baba zai tsaya a bakin ƙofa ya nuna da baki. "Dogo, kai za ka ja. Ke, ɗauko tef. Kai, tsani." Sai ya juyo da fuskar nan tasa mai laushi ya ce, "'Yata, ke ki huta." Hutun kuwa shi ne ta koma ta duƙa a kan keke har bayanta ya ƙage.

Abin da Yaya ke so a duniya bai taka kara ya karya ba. So take ta ga labulen da ta ɗinka a rataye a jikin tagarsa, rana tana dukansa, iska tana kaɗa shi. Tagar ɗakinta a gida ba ta fi faranti ba, kuma bangon maƙwabta take kallo. Samfurin da ake nuna wa masu saye a shago a jikin bango yake, babu haske a bayansa. Manyan labulayen nan masu nauyi, waɗanda take shafe makonni a kansu, a ninke suke fita daga hannunta cikin leda, daga nan ita da su sai labari.

Labarin ma sai ta roƙa. Dogo, wanda ke jan mota yana shugabantar masu fita, mutumin kirki ne amma maganarsa ba ta da yawa. Yana shigowa da yamma za ta tare shi.

"Dogo, ya zauna?"

"Ya zauna, Yaya."

"Ya taɓa ƙasa ko ya ɗage?"

"Ya zauna dai."

"To da rana ta doke shi, wace kala ya yi?"

"Haba Yaya, labule ai labule ne. Ni sauri nake in sauko kafin tsanin ya kayar da ni."

Da wayoyi masu hoto suka zo, sai ya riƙa ɗauko mata. Rabin hoton babban yatsansa ne, sauran rabin duhu. Takan ƙura wa abin ido ta ce, "Wannan labule ne ko buhun gawayi?" Ɗakin baya ya ɗauki dariya. Ita ma takan dara, amma abin yana ci mata rai.

Akwai shekarar da aka kawo aikin da ba ta taɓa mantawa da shi ba. Wani tsohon likita ya gina gidan bene, ya yi wa falon sama taga tun daga rufi har ƙasa, ya ce karammiski yake so, kore shar. Yadin ya yi kauri, keke yana tauna shi yana tofarwa, dole Yaya ta bi kalmasar da hannu, allura tana huda mata yatsa. A ƙasan kowane labule takan ɓoye 'yar darma cikin kalmasa don ya sauka a miƙe, ta ɗaure bakin da ƙullin jan zare. Ba wanda ya sa ta, kuma ba mai gani. Zaren na Inna ne, ragowar wanda take yi wa matashin kai ado da shi lokacin tana da lafiya.

A shekarar Inna tana kwance, ciwo ya ci ƙarfinta. Kullum Yaya ta dawo sai ta kamo hannunta ta shafa yatsun ta ce, "Har yanzu koren ne? Allah ya yi miki albarka. Ranar da za a rataya ki bi su, ki gano mini, ki zo ki ba ni labari. Ni dai ban taɓa ganin taga mai tsawon mutum biyu ba."

Ranar ratayewa Yaya ta sa kayanta na fita unguwa, ta riga kowa zuwa. Da hannunta ta taya loda labulen, sannan ta tsaya a jikin motar, hannu a kan marfin ƙofa. Baba ya fito ya gan ta, ya riƙe baki. "A'a, 'yata! Gidan nan fa bene ne, matakala ba iyaka. In wani abu ya same ki me zan ce wa Inna? Ki huta, kin ji? Kin yi naki."

Da zagi ne, da ta rama, don bakinta ba ya mutuwa. Da raini ta gani a idonsa, da ta yi tsaye ta ce sai ta je. Amma tausayi ne fal a fuskar mutumin da ya biya wa Inna kuɗin asibiti ba a roƙe shi ba. Da wane baki za ka yi faɗa da mai tausayinka? Ta saki ƙofar motar, ta ce, "To, Baba." Ta koma ɗakin baya da kayanta na fita unguwa, ta zauna a kan keke.

Da yamma Inna ta ga kayan jikinta, fuskarta ta washe. "Kin je? Yaya yake?"

Yaya ta zauna a bakin gado ta ce ta je. Ta ce in rana ta doke shi, falon gaba ɗaya komawa yake kore kamar kana zaune a gindin bishiya, har fatar hannunka sai ta yi kore. Ta ce in iska ta shigo, ba ya fal-fal irin na ƙananan labulaye, a hankali yake motsi. Inna ta lumshe ido ta ce, "Kai, madalla. Ashe 'yata ta shiga manyan gidaje." Ba ta ƙara wata guda a duniya ba. Tun daga nan Yaya ke ɗauke da abin a ƙirjinta. Ƙaryar ba ta dame ta kamar rashin sani ba. Ita dai so take ta san ko abin da ta faɗa wa uwarta haka yake.

Shekaru suka yi ta tafiya. Ƙannenta suka yi aure suka watse, ita ta zauna a ɗakin hayar da suka taso a ciki. 'Yan mata suka zo shagon, ta koya musu zare allura, suka shiga mota, suka san gidaje, matan gida suka san su, wasu har suka buɗe nasu shagunan. Da ƙarfin Baba ya fara ja baya, ya tara ma'aikata ya ce Dogo ne zai riƙe shago. Ya ce ba don ya fi kowa iya aiki ba, sai don shi mutane suka sani. Gaskiya ya faɗa. Wa zai san matar da ba ta taɓa taka ƙofar gidan kowa ba? Yaya ta yi wa Dogo murna da zuciya ɗaya, ta koma ɗakin baya. Furfura ta riga ta cinye gaban kanta, yatsunta sun fara ƙin lanƙwasuwa da safe, ramin allura kuma ya fara yi mata wasan ɓuya.

Sai ga wata tela da aka ɗauka, mace mai 'ya'ya biyu, mai tsiwa da son gayu, har ɗakin baya ya laƙaba mata 'Yar Kwalisa. Ta iya awo, ta iya magana da matan gida, kullum tana cikin mota. Da ta samu ciki na uku, cikin ya fito, wata safiya Dogo ya leƙo ɗakin baya ya ce, "Yaya, ba ni mutum ɗaya, za mu awo." 'Yar Kwalisa ta miƙe ta rataya tef a wuya. Yaya ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "A'a, ke da wannan cikin? Ga rana, ga gargadar hanya. Ki huta, wata ta je."

'Yar Kwalisa ta tsaya, ta riƙe ƙugu. "Yaya, kin tambaye ni?"

"Me zan tambaye ki? Tausayinki nake ji, 'yar nan."

"Na gode. Amma cikin nawa ne, ni na san abin da zan iya. Ranar da na gaji, da bakina zan faɗa. In na zauna yau, gobe ma a ce in zauna, in na haihu a ce jariri, kafin in farga an manta ina fita. Ki tambaye ni mana, Yaya, ai ba kurma ba ce ni."

Keken Yaya ya tsaya. Ba tsiwar ce ta daskarar da ita ba, muryar da ta ji ta fito daga bakinta ce. Muryar Baba ce sak, har da laushin. Wallahi ba ta nufi matar da sharri ba, ko tunani ba ta yi ba, idonta ne ya ga ciki, bakinta ya yanke hukunci. Abin da aka yi mata tun tana budurwa, shi ta ɗauka da hannu biyu za ta miƙa wa wata, tana ganin alheri take yi. Ta ce a hankali, "Za ki iya zuwa?" 'Yar Kwalisa ta ce, "Zan iya." Yaya ta ce, "To je ki, Allah ya kiyaye hanya."

Da motar ta tafi, ta ɗaga ƙyallen ta fito gaban shago, ta ja kujera ta zauna kusa da Baba, abin da ba ta saba ba. Tsufa ya rage masa ji, sai da ta ɗaga murya.

"Baba, ka san a hawa na nawa ɗakina yake?"

Ya ce, "Ɗakinki? Ai a ƙasa kuke, ko?"

"Hawa na uku, Baba. Tun kafin Inna ta kawo ni wurinka. In ruwa ya ɗauke, da bokiti nake hawa. Gawar Inna ma ina biye da ita aka sauko."

Baba ya ce, "To me ya hana ki faɗa mini?"

"Ba ka taɓa tambaya ba. Ni kuma kunyarka nake ji." Sai ta ba shi labarin koren labule, da kayan fita unguwa, da abin da ta faɗa wa Inna. Ba ta ɗaga murya don faɗa ba, sai don ya ji.

Allah sarki, tsoho. Hawaye ya bi masa gemu. Ya yi ta maimaitawa, "Ni fa gani nake ina kare ki. Wallahi 'yata, ƙafar kawai nake gani in mota za ta fita. Ban san na rufe ki a ɗaki ba." Yaya ta ce ta sani. Sanin shi ne ya fi komai ciwo, domin ba ta da wanda za ta tsana.

Washegari Baba ya sa aka tara kowa, har da Dogo. Ya ce daga yau fita bi da bi ce, duk wanda ke shagon yana da ranarsa. Ya ce kada wanda ya ƙara duban jikin wani, ko cikinsa, ko furfurarsa, ya yanke masa abin da zai iya. A tambaye shi, shi ya faɗa. Dogo ya gyaɗa kai ya ce wannan gaskiya ne, shi ma bai taɓa lura ba. Aka tashi kowa yana jin an yi abin kirki.

Kafin ranar Yaya ta zagayo, aka bugo waya daga gidan tsohon likitan nan. Ya rasu, 'yarsa za ta gyara gidan, tana so a cire tsofaffin labulaye a auna sababbi. Baba da kansa ya ce, "Wannan fitar ta 'yata ce, ko ranar wa ta faɗa." Yaya ta tambaya ko koren yana nan. Aka ce yana nan a rataye, tsohon bai taɓa yarda a taɓa shi ba.

Ta sa kaya masu kyau. Ta zauna a gaban mota, tana kallon tagogin gari ta gilashi kamar baƙuwa. Dogo yana ta lallaɓa mota a kan ramuka yana cewa, "Sannu Yaya, sannu." Ta ce, "Kai, taka mota, ba ƙwai ka ɗauko ba." Suka yi dariya.

A gidan, 'yar likita ta tarbe su a ƙasa. Kafin Yaya ta gama sauka, Dogo ya samo kujera ya ajiye mata a inuwa. Matar gidan ta kawo ruwa, ta zauna gaisuwa, tana tambayar ko ita ce mai ɗinkin da marigayi mahaifinta ya saba yabo. Dogo ya saɓa tsani ya ce, "Yaya, ki ɗan sha ruwa ki huta, ina zuwa." Ita kuma, abin da jiki ya saba, ta ce to. Ta zauna. Ba ta daɗe ba, iyakar a gaisa a yi ta'aziyya. Sai ta ji ƙarar zobba suna gudu a kan ƙarfe daga sama, sannan wani abu mai nauyi ya faɗi tim.

Ta miƙe ba sallama. Ta kama matakalar nan da aka ce ba iyaka, ta haye ta ba ta tsaya ko sau ɗaya ba, matar gidan tana bin ta a baya tana haki. Ta tura ƙofar falon. Ga taga tun daga rufi har ƙasa, tsirara, rana tana kwararowa fara fat. Ga Dogo a kan tsani, ƙura ta yi masa fari a gashi, yana murmushi.

"Na sauke miki shi, Yaya. Ƙurar da ke jikinsa ba kaɗan ba ce, na ce kada ta shiga miki ƙirji. Yanzu sai ki yi awonki a tsanake."

Labulen yana ƙasa a tare, kamar kayan wanki. Yaya ta tsaya tana kallonsa. Dogo ya dubi fuskarta, murmushin ya gudu. "Innalillahi. Yaya, ban tambaye ki ba ko? Wallahi mantawa na yi. Bari in mayar, yanzun nan zan mayar." Ya diro ya cicciɓi gefe guda. Rana ta shekara da shekaru ta riga ta cinye yadin, abin da ya riƙe shi a sama rashin taɓawa ne. Yana ɗagawa saman ya yage a hannunsa, zobba suka zube suna gangarawa a kan tayil. Ya sake kama wani gefen, shi ma ya bi. Ya tsaya da tsumma a hannu biyu, ƙato da shi, idonsa ya kawo ruwa.

Yaya ta ce, "Bar shi, Dogo."

Ta durƙusa ta lalubo ƙasan labulen. Jikinsa ya koɗe, ya koma kalar ƙasa, ba ka ce ya taɓa zama kore ba. Ta samu kusurwa, ta ji taurin darma a ciki, ga ƙullin jan zaren Inna yana nan daram. Ta sa farce ta warware kalmasar kaɗan. A cikin ninkin, inda rana ba ta taɓa shiga ba, koren yana nan shar kamar ranar da ya bar hannunta, faɗinsa bai wuce yatsu huɗu ba. Ta ɗaga shi saitin taga iya tsawon hannunta, ta tara ɗayan tafin a bayansa, ta duba. Ɗan ƙyallen ya yi ƙanƙanta. Rana ta zagaye shi ta kowane gefe, tafin hannunta bai sauya kala ba.

Ta juya wurin 'yar likita ta ce, "'Yar'uwa, lokacin yana sabo, in rana ta doke shi, falon nan kore yake komawa?" Matar ta yi ɗan tunani ta ce, "Wallahi ban lura ba, Anti. Mu yara ba a barinmu mu shigo nan."

Yaya ta gyaɗa kai. Ta roƙi almakashi ta yanke kusurwar mai jan zare, ta ƙulle a bakin mayafinta. Sannan ta karɓi tef, ta auna tagar da kanta, Dogo yana riƙe mata ɗaya bakin, ba ya iya haɗa ido da ita. Ta san ba ita za ta kalmashe sabon ba, yatsun sun riga sun gama nasu.

Da suka koma shago, Baba yana gyangyaɗi a kujerarsa, ba ta tashe shi ba. Ta ɗaga ƙyallen ta shiga ɗakin baya. 'Yar Kwalisa ta tsayar da kekenta, ta juyo da cikinta a gaba, fuskarta cike da ɗoki.

"Yaya, kin gan shi? Ya zauna?"

Yaya ta ja kujerarta ta zauna, ta gyara zaren keke.

Ta ce, "Ya zauna."